Filin Tambayoyin Makaɗa: Dalsima, Yatsu da Kiɗan Karkarar Faransa

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Damagaram ne, ina karatu a birnin Nansi na ƙasar Faransa, kuma na daɗe ina taɓa jita. Kwanakin baya na ci karo da wata dalsima, abin kiɗan da ake ɗorawa a cinya, irin ta tsaunukan Amurka mai tsirkiya huɗu, a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, na saye ta da araha. Abokan karatuna kan ja ni wani dandalin rawar gargajiya, a can na kamu da son kiɗan bourrée. To amma in na dawo ɗaki na kaɗa shi da yatsu yadda na saba a jita, sai ya fito lagwai-lagwai, ba ya tayar da kowa, sai dai ya sa barci. In kuma na ƙara masa haɗe-haɗen amo, sai ya cakuɗe. Ina matsalar take? Kuma wane ɗaurin tsirkiya ya dace?

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Ka yi tsintuwa, kuma dalsimarka ba ta da laifin komai. Hannun jita ka ɗauko ka ɗora mata, alhali kiɗan da kake nema ba a kan jita aka haife shi ba.

Mu fara da masu abin. Bourrée rawar tsakiyar Faransa ce, ta yankunan Auvergne, Limousin, Berry, Bourbonnais da Morvan, kuma kayan kiɗa biyu ne suka raine ta. Na farko biyel, wadda na tabbata ka gani a dandalinku: akwati mai tumbi, makaɗi na juya mariƙi da hannun dama, wani faifan katako yana gugar tsirkiyoyi, an shafa masa ƙaro kamar yadda mai goge ke shafa wa izgarsa, hannun hagu kuma na danna maɓallai. Tsirkiya ɗaya ko biyu ne ke fitar da kari. Sauran ba a danna su sam, amo guda suke riƙe da shi daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Na biyu algaitar salka, wadda mutanen Auvergne ke kira kabiret, mutanen Berry da Bourbonnais kuma suna da tasu mai dogayen bututu da ba sa sauya murya. Wannan amo da ke kwance a ƙasa zan riƙa ce masa shimfiɗa. Duk wanda ya tsara karin bourrée, da shimfiɗar a kunnensa ya tsara shi.

Zan yi maka lissafi da haruffa, tunda da su ake kiran ɗaurin dalsima ko'ina: D shi ne Re ɗinku na makaranta, E Mi, F Fa, G Sol, A La, C kuma Do. Idan shimfiɗa tana kan D, kari ya taka E, za ka ji ɗan ƙaiƙayi a kunne, in ya koma D sai kunne ya huta. Wannan ƙaiƙayin da hutun su ne daɗin kiɗan. Ɗan jita kuwa an koya masa cewa da ya ji amo biyu sun gogi juna, ya yi maza ya sauya haɗin da ke ƙasa don su shirya. Kai ma haka kake yi, kana raba faɗan da masu kiɗan suka haɗa da gangan. Saboda haka aikin farko na hannun hagu ne, kuma aikin shi ne ya rage aiki. Danna tsirkiyar kari kaɗai, ka bar sauran biyun a sake. Dalsima dama haka aka ƙera ta, tsofaffin tsaunukan Afalashiya da ɗan sanda suke bin tsirkiya guda, sauran suna kuka a sake. Ba na hana haɗin amo ɗungurungum. A ƙarshen gaɓa, inda kari ke shirin sauka, kana iya danna mai kauri sau ɗaya don ka nuna an zo gangara. Amma sau ɗaya a gaɓa ya isa, kuma sai bayan ka iya kaɗa karin ba tare da shi ba.

Sai hannun dama, inda mafi yawan damuwarka take. Ɗora dalsimar a cinya ka duba: tsirkiyar kari ce kusa da cikinka, mai kauri tana can nesa. A jita babban yatsa ne mai kula da mai kauri. A nan abin ya juye. Babban yatsa ya faɗo kan tsirkiyar kari yana tura ta waje, manuni kan ta tsakiya, ɗan tsakiya kan mai kauri, su biyun suna jawowa ciki. Kada ka murɗe hannu don ka maido tsarin jita. Wannan juyin alheri ne gare ka, domin yatsan da ya fi ƙarfi shi ne ya samu kari, kuma kari ne ya kamata ya fito a sama. Akwai masu tsinkar komai da manuni kaɗai, kuma a waƙoƙi masu sanyi abin nasu na da daɗin ji, amma a kiɗan rawa ni ban ga yatsa ɗaya na isa ba.

Ka ce taka mai huɗu ce. To biyun da ke kusa da kai tagwaye ne, kusan manne da juna, an yi su haka don masu sharɓa da gashin talotalo ko ɗan roba su samu ƙara. Ga mai yatsu tarnaƙi ne: yatsa kan kama ɗaya ya kuskure ɗaya, amon ya fito ba tsafta. Sassauta ta ciki ka cire ta, ka adana. Uku sun wadatar.

Yanzu ga inda biyel da dalsima suka rabu. Faifan biyel ba ya tsayawa, don haka shimfiɗarta ba ta mutuwa. Taka kuwa in ka tsinke ta, kafin ka ƙirga uku ta fara dushewa. Dole ka riƙa sabunta ta, kuma wurin da ka zaɓa ka sabunta ta shi ne zai zama bugun rawar. A biyel akwai wata tsirkiya da ke zaune kan ɗan guntun katako wanda ba a kafe shi sosai ba, makaɗan suna ce masa kare. In makaɗi ya fizgi mariƙin da wuyan hannu, sai guntun ya yi zizza, kuma da wannan zizzar 'yan rawa ke sanin inda za su ajiye ƙafa. Je ka tsaya kusa da mai biyel ka kalli wuyan hannunsa, ba yatsunsa ba. Abin da wuyan hannun nan ke yi, shi ɗan tsakiyanka zai yi a kan mai kauri.

Ga yadda nake so ka gwada a bourrée mai bugu uku, irin ta Auvergne da Limousin. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, da ɗan sauri. A kan ɗaya, babban yatsa da ɗan tsakiya su tsunkuli tsirkiyar kari da mai kauri lokaci guda. A kan biyu da uku, babban yatsa kaɗai ya yi tafiyarsa, sauran su yi shiru. Shi ke nan. Za ka ga kamar ya yi kaɗan, amma ka jure. Abin da ke sa naka barci shi ne jeren nan na 'yan jita, mai kauri, ta tsakiya, ta kari, ta tsakiya, duk da nauyi ɗaya suna gangarowa ba tudu ba kwari. Ƙafa ba ta samun wurin takawa a cikinsa. In ɗaya ta zauna daram, sai ka fara sa manuni: duk inda kari ya ja dogon numfashi, ya taɓa ta tsakiya a sake, taɓi ɗaya mara nauyi, ya janye. Masu kabiret ma suna da dabara irin wannan. Da yawansu kan toshe bututun shimfiɗa, sai su riƙa komawa amon ƙasa a gurguje tsakanin amo da amo, kunne ya ɗauka shimfiɗar na nan. Kuma a zaune suke busa, ƙafafu biyu suna dukan ƙasa. Kai ma ka sa ƙafa ta fara kafin yatsa ya taɓa tsirkiya.

Ta Berry da Bourbonnais mai bugu biyu ce. Tsunkule a kan ɗaya, sassauta a kan biyu. Ka lura da yadda ake taka ta: sahu biyu suna fuskantar juna, a gaɓar farko su matso su koma, a ta biyu su tsallaka su sauya wuri. 'Yan rawa suna bukatar su ji an shiga gaɓa ta biyu ba sai sun ƙirga ba. Ni dabarata a nan mai sauƙi ce: a gaɓar farko in yi tsunkulen da ta tsakiya, in ɓoye mai kauri, sai an zo tsallakawa in sake ta. Nauyin da ya shigo nan take ya isa sanarwa. Mun saba cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to a wannan fage sau da yawa rawar ce ke gaba, makaɗi na bin sawu.

Ƙananan abubuwa biyu. In kana son amo mai cizo, tsinka a kwarin da aka fafe kusa da gindi. In ka matsa wajen tsakiyar tsirkiya amon zai yi laushi, wanda ya dace da waƙa amma ba da bourrée ba. Sannan bayan tsunkulen ɗaya, gwada ɗora gefen tafin hannu kan mai kauri ka yanke ta. Ɗan shirun da ya biyo baya yana ɗaga ƙafa fiye da ƙarin amo.

Batun ɗauri. Biyu ne suka fi yawo, ana ƙirga su daga mai kauri zuwa ta kari: D-A-D da D-A-A. Maimakon in yi ta bayani, ɗauki waƙar da duk wanda ya yi firamare a Nijar ya sani, Au clair de la lune. A ɗaurin D-A-D layin farko yana kan matakai 0, 0, 0, 1, 2, 1, 0, 2, 1, 1, 0 (mataki shi ne wurin da ake danna tsirkiya, 0 kuma tsirkiya ce a sake). Lafiya lau. Amma da an shiga layi na uku, kari ya gangara ƙasa da inda ya faro, tsirkiyar kari kuma ta ƙare, dole ka tsallaka ta tsakiya, shimfiɗarka ta yanke. Sassauta tsirkiyar kari zuwa A ka sake gwadawa. Yanzu gidan kari, wato amon da yake sauka ya huta, ya koma mataki na 3: 3, 3, 3, 4, 5, 4, 3, 5, 4, 4, 3. Layi na uku kuma 4, 4, 4, 4, 1, 1, 4, 3, 2, 1, 0, duka a kan tsirkiya guda, biyun can suna ta kukansu ba wanda ya taɓa su. Waƙoƙin karkarar Faransa da dama haka suke, suna leƙawa ƙasa da gida kafin su dawo, shi ya sa nake fifita D-A-A ga mai fara wannan kiɗa, duk da cewa yawancin littattafan koyo na yanzu a D-A-D aka rubuta su. Kada ka raina waƙar don ta yara ce. Ita ce a cikin ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaukar muryar ɗan Adam da ake da su, wadda Édouard-Léon Scott de Martinville ya zana a takarda mai baƙin hayaƙi a Faris a 1860, ba a kuma samu sauraronta ba sai 2008.

Ranar da za ka zauna cikin makaɗan dandalinku za ka tarar yawancin kiɗan a G ko C yake, saboda haka ake ɗaure biyel ɗin Auvergne, ƙaramar akodiyon da suke riƙewa ma haka. Hanya biyu gare ka zuwa G. Ko ka ɗaure D-A-D ka maƙala kafo a mataki na 3, wato ɗan matsin nan da ke danne tsirkiyoyi duka, ko ka sassauta ta tsakiya daga A zuwa G ka samu D-G-D, gidan kari yana mataki na 3. Na fi son ta biyu, domin kafo na gajarta tsirkiya, amon ya ƙanƙance.

In hutun Yuli ya zo kana da kuɗin jirgin ƙasa, nufi Berry. A 1976 aka kafa taron maƙera kayan kiɗa da makaɗan biyel da algaitar salka a ƙauyen Saint-Chartier, an fara shi a shekarar cika ɗari da rasuwar marubuciya George Sand, wadda gidanta na Nohant ke nan kusa. Daga 2009 taron ya koma gidan sarauta na Ars, duk a yankin. Kuma ka daina tsayawa a bakin fili kana kallo. Shiga sahu a taka da kai, ko da za a yi maka dariya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Bakanuwa ce, ina aikin jinya a jihar Kentaki ta Amurka. Na shiga wata ƙungiyar masu koyon dalsima a unguwarmu, kowa D-A-D yake ɗaurewa yana sharɓa da roba. Ni kuwa kiɗan yankin Bretagne na Faransa ne ya shiga raina, mai ɗan sautin kewa. Zai yiwu a dalsima? Sannan aikina bai yarda da tara farce ba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, sannu da aikin lada. Kina zaune a gidan abin: tun 2001 dalsima ce kayan kiɗan jihar Kentaki a hukumance, kuma Jean Ritchie, wadda ta fito da ita daga tsaunuka ta kai ta Niyok har duniya ta san ta, 'yar ƙauyen Viper ce a nan jiharku.

Na farcen ba matsala ba ne. Tsokar yatsa na ba da amo mai ɗumi, in kika ga ya yi laushi da yawa ki matsa kusa da gindi. In ƙara kike so, akwai zoben roba da ake sa wa babban yatsa, a cire in an gama. Kada ki sa farcen kanti saboda kiɗa.

Kiɗan Bretagne, wato kusurwar yammacin Faransa da ta kutsa cikin teku, yana zama a dalsima ƙwarai, don karinsa ba ya yawo da nisa, sau da yawa amo biyar ko shida ne ake ta juyawa. Sautin kewar da kike ji na bukatar matakai su faro daga wani wuri dabam. Tsohuwar hanya ita ce ki sassauta tsirkiyar kari daga D zuwa C, ki samu D-A-C, gidan kari ya zama mataki na 1. Tana aiki. Amma ke ina ba ki shawarar ki bar D-A-D ɗinki yadda yake, ki sa kafo a mataki na 1, ki koma E. Dalilina ba wai don ki huta da murɗa kunnuwan ɗauri a gaban 'yan ƙungiya ba ne kawai.

A Bretagne bibbiyu ake kiɗa. Mai bombard, wata algaita mai tsananin ƙara da cin numfashi, ya busa layi, sai ya huta, mai biniyu, ƙaramar algaitar salka mai siririyar murya, ya maimaita. A waƙar baka ma haka ne, salon da suke kira kan ha diskan: mai bayarwa ya rera layi, mai amshi ya shigo tun kafin ya ƙarasa, su haɗu a kan gaɓoɓin ƙarshe, sannan ya ɗauka shi kaɗai. Saboda wannan haɗuwar sautin ba ya taɓa yankewa, 'yan rawa ba sa rasa taki. Nemi ɗaukar 'yan'uwa mata uku da ake kira Goadec ki ji yadda ake yi ba tare da kayan kiɗa ko ɗaya ba. To a ɗaurin D-A-D tsirkiyar kari da mai kauri amo ɗaya ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kenan lambobin matakansu ɗaya ne. Ki kaɗa layi a ta kari da babban yatsa, ki maimaita shi a mai kauri da ɗan tsakiya a kan matakan nan dai, amo biyu ko uku na ƙarshen kowane layi kuma ki danna tsirkiyoyin biyu ki tsunkule su tare. Kin zama mai bayarwa kin zama mai amshi, ta tsakiya tana riƙe muku shimfiɗa. A D-A-C wannan ba ya yiwuwa cikin sauƙi.

Ki fara da an dro, rawar da ake saƙale ƙananan yatsu ana tafiya hagu a sarƙa, hannuwa na naɗewa suna warwarewa. Bugu huɗu ce, kuma ba ta son gaggawa. Hanter dro ta fi ta natsuwa, bugu uku, an rungume hannuwa ƙam. Abu ɗaya za ki sa wa kunne: da kafo a 1, wani karin mataki na 6 yake so, wani kuma wanda ke gaba da shi, da ake kira shida da rabi. Gwada duka biyun, wanda bai dace ba zai tona kansa nan take. Dandalin dare da ake waɗannan raye-raye, fest-noz, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2012, kuma hotunansa sun cika YouTube. Ki kalli ƙafafu.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a Maraɗi. Na ga bidiyon wani kayan kiɗa na Faransa mai suna efinet, ya yi kama da dalsimar da kake yawan magana a kai. Abu ɗaya ne? Kuma kafinta zai iya ƙera mini irinta a nan, don yara?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Dangi ne, amma ba uwa da 'ya ba. Efinet ta tsaunukan Vosges ce a gabashin Faransa, musamman Val-d'Ajol da Gérardmer. Ta Val-d'Ajol ƙarama ce, ɗan dogon akwati da ake ɗorawa kan tebur, tsirkiya biyu na kari, uku na shimfiɗa. A ƙarni na 19 wata mata mai suna Dorothée Vançon ta yi suna da ita, masu zuwa wankan ruwan zafi a Plombières suna hawa tudu don su saurare ta, maƙeri Amé Lambert kuma ya ƙera su da yawa ana saye ana tafiya da su tsaraba. Dalsimar Amurka kuwa, masu bincike sun fi danganta ta da shaitolt, 'yar'uwar efinet ta ƙasar Jamus, wadda Michael Praetorius ya bayyana tun farkon ƙarni na 17. Jamusawa 'yan ci-rani suka kai ta Fensilbeniya, ta bi hanyar keken shanu ta gangara Bajiniya da tsaunukan kudu, a can aka faɗaɗa mata ciki aka ɗaga mata allon matakai a tsakiya. Siffar nan mai ƙugu da aka fi sani, James Edward Thomas na gundumar Knott a Kentaki yana cikin waɗanda suka yaɗa ta, ya fara ƙira wajen 1871 yana tura su a amalanke yana sayarwa. Kenan mai kaɗa kiɗan Faransa a dalsima bai yi wani baƙon abu ba. Su kansu Faransawa, ƙungiyar Malicorne da aka kafa a 1973 ta haɗa dalsima da efinet da biyel a tsofaffin waƙoƙinsu.

Kafinta zai iya, kuma ba sai ya lanƙwasa katako ba. Dogon akwati miƙaƙƙe ya isa, saman da ƙasan sirara, kaurinsu kamar milimita 3, da ramukan fitar amo. Maɗaci busasshe zai yi. Kunnuwan ɗauri da tsirkiyoyi na jita za ku saya: mai naɗi guda siririya don mai kauri, marasa naɗi biyu don sauran. Tsofaffin maƙeran Amurka da guntayen waya suke yin matakai, su lanƙwasa su kafa ƙarƙashin tsirkiyar kari kaɗai, kuma ga kiɗan shimfiɗa hakan ya isa.

Inda ba a wasa shi ne awo. In tsawon tsirkiya daga matashin sama zuwa na gindi santimita 68 ne, ga nisan kowane mataki daga matashin sama: na 1 a 7.4, na 2 a 14.0, na 3 a 17.1, na 4 a 22.6, na 5 a 27.6, na 6 a 29.8, shida da rabi a 32.0, na 7 a 34.0, wato rabin tsirkiya cif. Daga nan lissafin maimaici ne: raba kowace lamba biyu ka ƙara 34, na 8 ya faɗo a 37.7, na 9 a 41.0, na 10 a 42.5. Ka tsaya a kansa ranar da zai yi alamun, kada ya yi da ido. Tazarar da ka gani ba daidai ba, wata faffaɗa wata matsattsiya, ba kuskure ba ce, ita ce ta sa yaro zai bi matakai a jere ya ji do re mi ba tare da ya taka baƙon amo ba.

A yi ƙirar cikin rani, da katakon da ya riga ya sha hunturu. Wanda aka haɗa da damina, in iska ta bushe zai tsage. Mai shigo da dalsima daga Turai ko Amurka ma ya kiyaye: a ajiye ta cikin akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji, nesa da rana. Kuma shadda ba ta riƙe dalsima a cinya, zamewa take yi. A shimfiɗa ɗan tawul tukuna.

TAMBAYA: Malam, ina koyon Branle des chevaux a D-A-D. Gaɓa biyun farko sun zauna, ta ukun kuwa akwai amon da na nema sama da ƙasa ban samu ba. Dalsimata ce ba ta cika ba?

AMSA: Ta cika, ɗan'uwa. Wannan kiɗan ya girmi dalsima nesa ba kusa ba. Yana cikin littafin rawa na Thoinot Arbeau, wani limamin coci na garin Langres, da aka buga a 1589, wanda shi ma tambaya da amsa ne tsakanin malami da ɗalibinsa. Yadda ake kaɗa shi yau, gaɓa ta uku tana juyawa zuwa sautin kewa, amo na uku ya sauko da rabin taki. A D kenan kana neman F tsura, matakanka kuwa F mai ɗagi, wanda ya ɗara shi da rabin taki, kawai suke da shi. Wasu kan kai wa maƙeri ya ƙara musu mataki tsakanin na 1 da na 2. Kafin ka kashe kuɗi, maƙala kafo a mataki na 4, gidanka ya koma A. Yanzu amo na ukun yana da ƙofa biyu a jere: shida da rabi don gaɓoɓin farko, mataki na 6 don ta uku. Inda kari ya gangara ƙasa da gida, ta tsakiya za ta karɓe shi, a sake, a mataki na 5, da shida da rabi, mai kauri kuma ta ci gaba da riƙe shimfiɗa. Matakan sun matse a wannan wuri, don haka ka sa babban yatsan hagu cikin masu dannawa, a dalsima ba laifi ba ne. In taka tsohuwar ƙira ce da ba ta da shida da rabi, to a nan kam sai an je wurin maƙeri, kuma shi za ka fara sa ya ƙara maka, ba wancan ba.